Jarumin da aka binne ya dawo a bos: ya kuka ji?

Mai_Zane: Salamu alaikum 'yan uwa masu karatun komik. Ina so kowa ya faɗi yadda ya ji ranar da ya gane mugun da ke rufe fuska jarumin da aka binne ne. Ni na Jason Todd, wato Robin mataimakin Batman, ne ya tsaya mini a rai. A 1988 Joker ya lakaɗa masa duka da sandar ƙarfe, ya bar shi a ɗakin da bam zai tashi, kuma masu karatu ne suka yanke masa hukunci ta wayar tarho: 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. A 2005 sai ga shi da jar hular kwano, yana kiran kansa Red Hood, yana harbe dilolin ƙwaya a Gotham. Kisan bai girgiza ni ba kamar ƙorafinsa. Ya yafe wa Batman rashin ceto shi, abin da ya kasa haɗiyewa shi ne Joker na nan da ransa. A nan na ajiye wayar, na daɗe ban ci gaba ba.

Ɗan_Gotham: Wa alaikumus salam. Mu a majalisarmu musu muka sha kafin a kai ga cire hular. Dama a labarin Hush na 2003 an nuna Jason a maƙabarta, sannan aka ce Clayface, mugun nan mai rikiɗa, ne ya ari kamanninsa. To da Red Hood ya ɓullo, abokina ya rantse yaudara ce karo na biyu. Ni na ce a duba salon faɗansa, wanda Batman ya horar ne kawai zai san inda zai yanke igiyarsa. Daga baya ma aka bayyana cewa Jason ɗin gaske ne ya fara faɗan maƙabartar, kafin su yi musaya da Clayface.

Ummu_Hanan: Ni ta fim na shigo, na Captain America na 2014. Yayana ya riga ya karanta, ya yi gum, yana satar kallona har takunkumin Winter Soldier ya faɗi na ga Bucky, aminin Captain America da aka ɗauka ya mutu. Amma don Allah kada a haɗa shi da Jason. Jason da hankalinsa ya zaɓi hanyarsa. Bucky kuwa, a komik ɗin Ed Brubaker, Rashawa ne suka tsamo shi daga ruwa ba hannu ɗaya, suka sa masa na ƙarfe, suka wanke masa ƙwaƙwalwa, suna daskarar da shi sai aikin kisa ya taso. Wannan bawa ne, ba bos ba, tausayinsa na ji.

Tsohon_Hannu: Gaskiyarki ƙanwata. Ku yara ba ku ga rikicin 1993 ba, bayan Doomsday ya kashe Superman. Mutum huɗu suka fito da tambarin S na Superman a ƙirji, kowa na da magoya baya. Tsofaffin kwafi muke samu, ba a jere ba, muna ba juna aro har bangon ya yage. Mafi yawanmu mai rabin fuskar ƙarfe muka bi, tunda gwajin da aka yi masa ya dace da na Superman. Ashe wani mugu ne, Hank Henshaw, ya haɗa kai da wani mugun, Mongul, suka shafe Coast City da mutum miliyan bakwai. Wannan baƙin cikin ne ya juyar da Hal Jordan, wato jarumi Green Lantern ɗan garin, ya zama mugu Parallax a 1994.

Ɗan_Gotham: Yaya, Blackest Night na 2009 fa? Ralph Dibny da matarsa Sue, mutanen kirki, su tashi daga kabari da baƙin zobe mai tayar da gawa su kashe jarumai Hawkman da Hawkgirl tun fitowa ta farko.

Tsohon_Hannu: Ya tayar mini da tsikar jiki, amma bai daɗe a raina ba. Gawa ce zoben ke juyawa, mai ita ba ya ciki.

Mai_Zane: Ni yanzu fargabata Alfred, hadimin Batman, tunda Bane ya karya masa wuya a 2019. Kada a ce ba zai yiwu ba: an taɓa kashe shi a 1964, ya dawo a mugu mai suna Outsider, sai 1966 aka gane shi ne. In suka maimaita wannan, anya zan iya karantawa?