Filaf ɗin manifol: wa ya taɓa fama da shi, kuma me aka gano?

Mai ML350, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata Mercedes ML350 ce, ta 2008. Wutar cek injin ta kama, an sa mata kwamfuta ta ba da lambar matsala P2006. Tana tashi lafiya, amma in na zo fita daga shataletale sai ta yi nauyi, man da take sha kuma ya ƙaru. An ce in sayi manifol sukutum. Kafin in kashe wannan kuɗi ina so in ji daga waɗanda abin ya taɓa samu.

Makanike, Ƙofar Guga:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Manifol shi ne bututun da ke raba iska zuwa silindodin injin, a cikinsa akwai 'yan ƙyamare, su muke kira filaf. In injin yana silo ko yana tafiya a hankali sukan tsuke hanyar iska don ta shiga da sauri tana juyawa, ta gauraya da mai sosai. In ka taka totur sai su buɗe. Silindodin injinka ɓangare biyu ne: P2006 na nufin filaf na ɓangaren farko sun maƙale a rufe, P2004 kuma sun maƙale a buɗe. P2005 da P2007 na ɗaya ɓangaren ne. Lambar dai ta nuna maka unguwa ce, ba ta nuna gida ba.

Injinka M272 ne, irin na C300 da E350 da GLK350 na waɗancan shekarun. A waɗanda suka zo hannuna, abin da na fi samu shi ne hannun roba da ke gaban manifol, mai tura sandunan filaf, ya karye. Tururin baƙin mai da ke dawowa daga injin yakan daskare a kan filaf har su yi tauri, robar kuma zafi ya riga ya busar da ita, sai ta ɓalle. A haska tocila a gaban manifol, sau da yawa ido ma yana gani. Akwai hannun alminiyam da ake sayarwa a madadinsa, amma sai an sauke manifol kafin a sa shi.

Direba, Daura:
Oga ya faɗi gaskiya, amma tawa ba haka ta zo ba. C300 ɗin maigidana nake ja, muna yawan bin hanyar Mashi zuwa Katsina. Irin wannan lamba ta ba mu, aka duba hannun, lafiyarsa ƙalau. Ashe ɗan siririn tiyon da ke tsotso iska zuwa abin da ke jan filaf ne ya tsage daga ƙasa, inda ba a gani. Yaron gareji ne ya ji tsakinsa da injin yana silo. Tiyo kawai aka canja.

Makanike, Ƙofar Guga:
Madalla, shi ya sa nake cewa a fara da mai araha. Ni ga yadda nake yi: in kashe injin, in taɓa sandar da yatsa in ji ko tana tafiya sumul. Sannan in cire tiyo in tsotsi iska da famfon hannu, babban sirinji ma yana yi. In sandar ta motsa ta tsaya a wurin, fatar da ke cikin abin da ke jan filaf lafiya take. In ta koma da kanta, ta huje.

Abin da nake jin tsoro a wannan injin guda ne, kuma Alhaji ka saurare ni a nan. In an sauke manifol a leƙa kowane rami a ƙirga filaf ɗin, a girgiza su. In ɗaya ya tsage ko ya yi lako-lako, hannun alminiyam ba zai cece ka ba, domin yanzu hannun ya fi filaf ƙarfi. Guntunsa in ya faɗa silinda zai iya lanƙwasa bawul ya ji wa fistin ciwo. A nan kam sabon manifol ya zama dole.

Malama mai Passat, Ƙofar Durɓi:
Sannunku da ƙoƙari. Tawa Passat ce mai injin 2.0 TSI, lambarta P2015. An canja mini filogi da kwayil, wuta ta dawo. Aka canja sansa mai karanta matsayin filaf, ta sake dawowa. Abin ya dame ni ƙwarai, don da ita nake kai yara makaranta in wuce aiki. Daga baya wani ya buɗe ya nuna mini bakin bawul ɗin, baƙin dauɗa ya toshe kusan ko'ina, sandar filaf ɗin kuma ta cinye tana wasa. An kankare, aka sa wani manifol da aka kawo daga Ƙofar Ruwa a Kano. Tun lokacin ban sake ganin wutar ba.

Mai gyaran wutar mota, Katsina:
Hajiya, abin da ya same ki yana da dalili. A TSI nozul yana fesa mai kai tsaye cikin silinda, man ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke shi, shi ya sa dauɗar ke taruwa. P2015 kuma cewa take yi abin da sansa ke karantawa ya fita daga iyakar da kwamfutar mota ta sani. Sau da yawa sansar gaskiya take faɗi, sandar ce ta lalace. Mai sikana mai nuna aikin injin yana gudana ya duba lambar matsayin filaf, wani ya taka totur da ƙarfi. In hannun yana motsi a waje amma lambar ba ta canjawa, to a tuhumi sansa ko wayarta.

Na kuma yi aikin Ford Focus mai injin 2.0 da ta ba da P2008. Wannan ta wuta ce. Na auna solinoyid ɗin da ke kan manifol, wato makunnin wuta mai buɗe hanyar iskar da ke jan filaf, da mita na tarar ya yanke a ciki, ko sauke manifol ba mu yi ba.

Direba, Daura:
To Oga, masu ɗaure filaf da waya su bar shi a buɗe fa? Na ga an yi wa wani abokina.

Makanike, Ƙofar Guga:
Mota za ta yi tafiya, amma ban ba kowa wannan shawara ba. Wutar cek ba za ta mutu ba, ranar da wata matsala babba ta zo ba za ka sani ba. Da safe lokacin hunturu kuma za ka ji silonta yana rawa. Mai sayen manifol ɗan Beljiyam ya jujjuya sandar da hannunsa a gaban mai kaya, ya leƙa filaf ɗin, domin shi ma daga tsohon injin aka ciro shi. A sa sabon gasket, a tura tsumma mai tsabta a ramukan injin muddin manifol yana ƙasa, kar ƙura ko noti ya faɗa. In an gama a goge lambar, a yi tafiya mai ɗan nisa, a sake sa kwamfuta a gani ko ta dawo.