Ɗaki mai baranda a jirgin ruwa: mita 17 ne ko 21?

Mazaunin Sharja:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya taɓa kwana a cikin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa ya ba ni haske, domin ni duk ilimina na ruwa bai wuce ɗan kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane daga Deira zuwa Bur Dubai a kan dirhami ɗaya ba.

Hajiyarmu za ta zo mana daga Kano a watan Janairu. Shekarata shida ina aiki a nan, sai yanzu Allah ya nufa ta amince za ta hau jirgin sama don abin da ba Umara ba. Na ce tunda lokacin sanyi ne, lokacin da jiragen nan ke zagaya Tekun Fasha, bari mu yi mata kwana bakwai a ruwa: a tashi daga Dubai, a taɓa Abu Dhabi, tsibirin Sir Bani Yas da Doha, a dawo. Mu biyar ne: ni, maiɗakina, Hajiya, da yara biyu, mai shekara 7 da mai shekara 3.

Ga inda kaina ya kulle. Ejan ɗin farko ya turo min takarda, ɗaki mai baranda murabba'in mita 17. Na biyu ya turo nasa, jirgi ɗaya, hawa ɗaya, ya rubuta mita 21, kuma kuɗinsa ya ɗan ɗara. Na tambaye shi ko nasa ya fi girma ne, sai ya turo min hoton gado da labule da teku shuɗi shar, hoton da ko kurkuku aka ɗauka da irin wannan kyamarar sai ka yi sha'awar shiga. Ni kuma ban iya auna ɗaki da mita a kaina ba. A gida da ƙafa muke magana, magini ya ce maka sha biyu sha biyu, ka san abin da za ka samu.

Abin da nake so in sani: ɗakin nan zai ɗauki sallaya bayan an shimfiɗa gadaje? Barandar wurin zama ce ta gaske ko ta leƙe ce kawai? Hajiya tana da ciwon gwiwa, a kujera take sallah, kuma mace ce da ko a gida ba ta yarda a rufe mata taga. Idan na sa ta a ɗakin da babu ko ƙofar iska, na san abin da zan sha har mu sauka.

Maman 'Yan Biyu:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da wannan niyya, ya ba mu 'ya'yan da za su yi mana haka.

Kusan na tabbata ɗaki ɗaya ejan-ejan ɗinka suke sayar maka. Na farko ya auna cikin ɗaki kaɗai, na biyu ya haɗa da baranda. Cire 17 daga 21, saura 4, kuma mita huɗun nan ita ce girman barandar da aka saba gani a yawancin jirage. Ka rubuta musu tambaya ɗaya: adadin nan har da baranda ko ban da ita? Kuma su ba ka lambar ɗakin, ba sunan rukuninsa ba.

Tunda da ƙafa kake lissafi: sha biyu sha biyu ɗinka ƙafa 144 ke nan, wato mita 13 da ɗan ɗoriya. Mita 17 kuwa ƙafa 183 ce. A takarda sai ka ce ai ya fi ɗakin gida. To amma a cikin 183 ɗin nan aka yanki banɗaki, aka yanki wadirob, aka yanki ɗan lungun shigowa. Kuma ɗakin ba murabba'i ba ne, dogo ne siriri kamar soro, faɗinsa bai cika mita uku ba. Gado ya kwanta a tsakiya, tsakanin ƙafar gado da bango sai dai mutum ɗaya ya wuce, shi ma a karkace in yana da jiki irin nawa.

Mu daga Southampton ta Ingila muka tashi zuwa Norway shekarar da ta wuce, ni da maigida da tagwayenmu, ɗaki ɗaya. Da rana lafiya lau. Akwai fili a gaban kujerar kushin, nan nake shimfiɗa sallaya, ta zauna daidai har da sauran taku ɗaya. Da yamma muna cin abinci mai gyaran ɗaki zai shigo ya buɗe kujerar nan ta koma gado, ya sauko da wani gadon daga silin ya jingina masa tsani. Shi ke nan fili ya tafi. Kujerar tamu kuma kusa da ƙofar baranda take, don haka in na so shan iska da daddare sai na tsallake yaro. Sallar asuba kuwa bi da bi muke yi a lungun ƙofar shigowa, tsakanin wadirob da banɗaki, in ka yi ruku'u kana taɓa ƙofa ta baya. A rana ta uku na roƙi mai gyaran ya daina buɗe kujerar, yaran suka kwana ɗaya sama ɗaya tsakaninmu, muka samu sauƙi.

Barandar kuma kujera biyu ce da ɗan tebur wanda bai fi faifai ba. Zurfinta kamar mita ɗaya da rabi, in ka miƙe ƙafa ka taɓa gilashi. Ta zama ce, ba ta kwanciya ba. Amma wallahi ranar da muka shiga mashigin ruwan Geiranger a Norway, duwatsu tsaye hagu da dama ruwa na zubowa daga samansu, ina zaune da kofin shayi babu mai ture ni, na yafe wa kuɗin.

Abu ɗaya da ba wanda ya gaya min, kuma ya shafi Hajiya da maiɗakinka. Wasu jiragen hawa-hawansu kamar matakala suke, na ƙasa ya fi na sama fitowa waje. Tamu barandar rabinta babu rufi. Na fito ba ɗankwali ina shan hantsi, na ɗaga kai sai ga wani tsohon Bature a hawa na sama yana ɗago min hannu. Tun daga ranar da hijabi nake fita barandar da na biya kuɗinta don in sake. Ka nemi wadda take da rufi gaba ɗaya.

Mai Lissafi:

Ni fa ban ga abin ɓata kuɗi a baranda ba. Zagayen Tekun Fasha kusan kullum da rana kuna tasha, da dare ake tafiya. Me za ka gani da dare? Duhu da fitilun jiragen dakon mai. Da rana kuma kana kallon kwantenoni. Na yi wannan tafiyar a ɗakin ciki mai mita 14, barci na yi kamar an yi min allura, sai ƙararrawar waya ke tashe ni don ba a sanin gari ya waye. Kuɗin da ya ragu na kai iyali yawo a Doha. Norway daban, can ana biyan kuɗin kallo ne.

Ɗan Zango:

Sannunku. Ni daga Kumasi nake, na yi shekara tara ina gyaran ɗakuna a jiragen nan kafin gwiwa ta ce ya isa, don haka bari in sa baki.

Yaya Maman 'Yan Biyu ta faɗi gaskiya kan lissafin. In ƙara maka dalili, Alhaji. Ɗakunan nan ba a cikin jirgi ake gina su ba. A masana'anta ake haɗa kowanne da banɗakinsa da wayoyinsa da kafet ɗinsa, sannan a ɗauko shi da injin ɗaga kaya a zura shi ta gefen jirgin kamar yadda ake zura aljihun tebur. Haka ake yi a Saint-Nazaire ta Faransa, da Papenburg ta Jamus, da Turku ta Finland, inda ake ƙera yawancin manyan. Shi ya sa ɗaruruwan ɗakuna girmansu ɗaya sak. Sau da yawa ƙarin kuɗin da ake caji tsakanin rukuni da rukuni ba na faɗi ba ne, na wuri ne: hawa na nawa, tsakiya ko gaba.

Inda ake samun bambanci shi ne baranda, domin ita jikin jirgi take bi. Na can baya, masu kallon farin kumfan da jirgi ke bari, sukan fi zurfi, wasu har kujerar kwanciya ake sa musu. Amma Hajiya mai ciwon gwiwa kada ka kai ta can. Jirgin nan tsawonsa ya haura mita 300, daga ƙarshensa zuwa lif tafiya ce, kuma a baya an fi jin rawar inji. Akwai kuma wurin da jikin jirgi ke yin ciki ya fito waje, ɗakunan da ke kan kwanar nan barandarsu takan fi ta maƙwabta a kuɗi ɗaya. A taswirar hawa-hawa ta kamfanin za ka gan su, ka buɗe ta a kwamfuta ba a waya ba.

Ka yi hattara da kalmar baranda kanta, ba duka ce ke kallon teku ba. Tun da jirgin Oasis of the Seas ya fito a 2009 aka fara yin masu kallon cikin jirgi, ka fito ka ga barandar wani tana kallonka, ƙasa kuma ana kiɗa har tsakar dare. Jirgin Celebrity Edge a 2018 ya zo da wata wadda ba baranda ba ce ma, ƙarshen ɗakin ne aka sa wa taga mai sauka da maɓalli. Ɗakin ya ƙaru, amma ba ka fita waje. Sai kuma waɗanda kwale-kwalen ceto ya tare wa gaba, su ne masu araha. In ka ga an ce ka biya kaɗan kamfani ya zaɓa maka ɗaki, to ka san da irin waɗannan za a iya haɗa ka.

Ku biyar ba za ku shiga ɗaki ɗaya ba ko da kun yarda ku matsu. Yawancin ɗakuna mutum huɗu ne iyaka, kuma jariri ma kai ne, saboda da kujerun kwale-kwalen ceto ake lissafi. Dama kuma ina kai ina kwana ɗaki ɗaya da Hajiya. To amma kada ka rubuta ta ita kaɗai, za a caje ka kusan kuɗin mutum biyu. Rubuta ta da babbar jikarta. In ka sami ɗakuna biyu jere masu ƙofa a tsakani, ya fi. In babu, ka tambaya ko allon da ya raba barandun yana buɗewa, a jirage da yawa mai gyaran ɗaki na da makullinsa. Mai shekara ukun kuwa, gilashin barandar ya haura mita ɗaya, ba zai tsallake shi daga ƙasa ba. Kujerar ce matsala. Ƙofar tana da sakata a sama, ku riƙa sa ta.

Na ƙarshe, kuma don Allah ka faɗa wa Hajiya tun tana Kano: ban da turaren wuta. Ba kasko, ba gawayi, ba na tsinke, ko a baranda. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi a barandar jirgin Star Princess a hanyarsa ta zuwa Jamaika, masu bincike suka ce mai yiwuwa guntun sigari ne, ta bi barandu ta cinye ɗakuna da yawa, mutum ɗaya ya rasu. Tun daga nan aka tsaurara doka. Ana duba akwatuna da na'ura, in an ga kasko ko dutsen guga za a riƙe sai ranar sauka. Ta zo da humra da turaren fesawa. Ku kuma zo da 'yar buta, yawancin banɗakunan babu tiyon tsarki, kuma masai ɗin da iska yake zuƙa, in aka jefa wani abu ban da takardarsu sai ya toshe layin maƙwabta duka. Ni na san wanda ake kira in hakan ta faru.

Mazaunin Sharja:

Allah ya biya ku duka. Na rubuta wa na biyun tambayar Maman 'Yan Biyu, sai bayan awa uku ya amsa da kalma biyu: har baranda. Ashe ƙarin kuɗin nasa ladan iya rubutu ne.

Jiya da daddare na ɗauko tef na auna faɗin ɗakin, mita 2.7, a falonmu, na jera filo a matsayin gado, na kawo kujerar roba na ajiye inda Hajiya za ta zauna sallah. Maiɗakina tana tsaye tana dariya, wai ko gini zan fara. Kujerar ta shiga, matuƙar ba a buɗe kushin ba, kuma tunda su biyu ne kawai a ɗakin ba za a buɗe ba. Za a raba musu gadon gida biyu.

Mai Lissafi, rabin shawararka na ɗauka. Hajiya da jikarta ɗaki mai baranda a hawa na 10, tsakiyar jirgi, ƙofa shida daga lif, na duba taswira sama da ƙasa duk ɗakunan kwana ne, ba wurin rawa ba. Mu kuma na ciki da ke fuskantarsu, taku biyu tsakani. Ƙaramin yana wajenmu, nesa da gilashi. In muna son iska mu je gaida Hajiya.

Ɗan Zango, saura alƙibla. Na ji an ce kamfas ɗin waya rikicewa yake a cikin ƙarfe. Yaya kuke yi?

Ɗan Zango:

Rikicewa yake sosai, bangon ɗakin ma ƙarfe ne, maganaɗisu na kama shi. Kunna talabijin ɗin ɗakin, akwai tashar da ke nuna taswira da inda hancin jirgi ya dosa, daga nan ka lissafa. In kuna tasha kuwa ka fita baranda da wayar. Sai dai ka shirya wa muhawara, don daga Tekun Fasha Makka tana yamma ne. Dattijuwar da ta shekara saba'in tana kallon gabas, ranar farko sai ta ce talabijin ɗin ne bai da hankali.