Neman shawara kan tikitin ganin zanen Leonardo da Vinci a Milan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon duk wanda ya taɓa zuwa birnin Milan na ƙasar Italiya, domin wata matsala ta sha mini kai.

Zan yi tafiya a watan gobe, kuma babban abin da zai kai ni shi ne zanen jibin ƙarshe, wato cin abincin dare na ƙarshe, na Annabi Isa da almajiransa, wanda Leonardo da Vinci ya kammala wajen shekarar 1498 a bangon ɗakin cin abinci na gidan ibadar Santa Maria delle Grazie. Da yake a kan busasshen bango ya yi aikin, fentin ya soma ɓarewa tun yana raye, shi ya sa a yau ba a shiga sai da tikitin da aka kama tun da wuri, rukuni-rukuni, kowane rukuni minti 15 kacal. Ranar Litinin kuwa a rufe wurin yake.

Duk ranakun da zan kasance a birnin, tikiti ya ƙare a shafin intanet na gidan tarihin da ke kula da zanen. Akwai kamfanonin yawon buɗe ido masu sayar da shi haɗe da ɗan jagora, sai dai kuɗinsu ya ninka na asali, kuma tunda ana rubuta sunan mai shi a kan tikitin, ina fargabar in biya sannan a tsayar da ni a ƙofa.

Shin tikitin waɗanda suka fasa yakan dawo shafin, kuma da wane lokaci ya fi dacewa in riƙa dubawa? Wanda ya taɓa saye ta hannun irin waɗannan kamfanoni, don Allah ya bayyana mini ko sunansa aka rubuta, da yadda aka tantance shi wajen shiga.