Mayar da fayilolin ma'aikata cikin kwamfuta: daga ina ya kamata a fara?

Jami'in rajista, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen rajista na wata hukumar gwamnati a nan cikin Katsina, kuma an ba mu umarnin mayar da fayilolin ma'aikata cikin kwamfuta domin a rage yawo da takarda daga tebur zuwa tebur. An kawo kwamfutoci da na'urar ɗaukar hoton takardu, sai dai babu wanda ya zauna da mu a kan tsarin aikin. Daga cikin fayilolin da ke hannunmu akwai waɗanda aka buɗe tun muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Wasu gara ta ci gefensu, wasu kuma ruwan damina ya shafe tawadarsu. Shin mu fara daga kabad na farko mu bi har ƙarshe, ko kuwa akwai abin da ya kamata ya gabaci ɗaukar hoton?

Tsohon akawu, Daura:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ina ba ka shawara kada ku kunna na'urar nan sai kun tantance abin da ke cikin kowane fayil, domin kwamfuta ba ta gyara kuskure, adana shi take yi, kuma duk wanda ya gan shi a allo zai ɗauka gaskiya ne. Abubuwa biyu ne suka fi jawo wa ma'aikaci kuka a ƙarshen aikinsa, wato ranar haihuwa da ranar kama aiki, saboda a kansu ake lissafin ritaya, ko dai cikar shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Na ga abokin aikina wanda takardar kama aikinsa ta nuna wata shekara, takardar ƙarin girmansa ta nuna wata dabam, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina kafin a daidaita masa fansho da garatuti, alhali ƙafafunsa ba su da ƙarfin hawa mota. Saboda haka ku fara da waɗanda ritayarsu ta kusa, ku kira kowa ya zo da asalin takardunsa, a gwada su da na fayil, a kuma gwada da abin da ke kan lambarsa ta ɗan ƙasa (NIN) da ta banki (BVN), ya sa hannu cewa ya yarda, sannan a shigar. Tsofaffin fayilolin kuwa kada wanda ya ce a ƙone su don an ɗauki hotonsu.

Malama mai koyar da kwamfuta, Katsina:

Baba ya faɗi abin da ya fi muhimmanci. Abin da zan ƙara, Malam, shi ne hoton takarda ba shi da amfani idan ba za a iya nemo shi ba, don haka ku yi amfani da lambar fayil ta kowane ma'aikaci wajen sa wa hotunan suna, domin a hukuma guda za ka iya samun mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Kowane jami'i ya kasance da lambar sirrinsa shi kaɗai, ta yadda manhajar za ta nuna wanda ya buɗe fayil da wanda ya canza wani abu a ciki. Wannan ba zaɓi ba ne, tun da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Sannan ku tuna da 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda matsalar tsaro. Tsarin da ba ya motsi sai da intanet zai tsaya cak a irin wannan hali. Ku nemi wanda ke aiki a cikin ofis ko babu intanet, da sola da batir, da kwafi na biyu a wani gini dabam.

Ma'aikacin sashen kuɗi, Katsina:

Ni damuwata mutanen ne. Tsarin IPPIS na biyan albashi da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2007, da asusun bai-ɗaya na kuɗaɗen gwamnati da aka tilasta a 2015 zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, duk sun gamu da turjiya, wani ɓangare daga masu cin moriyar tsohon tsari, wani kuma daga masu tsoron kada a ture su gefe. Masinja da akawun da suka shekara ashirin suna ɗaukar fayil sun san inda kowace takarda take fiye da ɗan kwangilar da zai kafa manhaja ya tafi, don haka a koya musu aikin, a kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa bayanan da makullansu mallakar hukuma ne.

Jami'in rajista, Katsina:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan rubuta wa darakta in nemi izinin fitar da sunayen waɗanda za su yi ritaya cikin shekara biyu masu zuwa, mu fara da su. Malama, idan an sami saɓani tsakanin ranar haihuwar da ke fayil da wadda ke kan NIN, wace ce za mu shigar kafin kwamitin tantancewa ya zauna?