Jinjiri zai iya nuna inda yake masa ciwo da hannu?

Maman Sadik: Salamu alaikum matan zaure. Don Allah akwai wadda ta taɓa koya wa jinjiri maganar hannu? Sadik wata takwas, tun asuba yake tsala kuka, na rasa ina ke masa ciwo.

Hajiyar Yelwa: Haƙori ne. Duba dasashinsa.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya a gafarce ni, wannan "haƙori ne" ɗin ita ta kusa jawo mini salalan tsiya. Hasana tana wata goma ta kwana uku ba ta runtsa ba, cikin zafin Garwa na watan Afrilu. In na ba ta nono ta ja sau biyu ta saki ta ƙwalla ihu. Tana ta jan kunnen hagu, ni kuwa na ɗauka wasa ne. Surukata ta ce haƙori, maƙwabta suka ce haƙori, na yi ta goga mata magani a dasashi. Ranar ta huɗu na tashi na tarar da ruwan mugunya a zanen goyo. Likita ya ce kunne ne ya ruɓa tun tuni, ya yi mini faɗa kamar 'yar cikinsa. Shi ya sa da na haifi ƙaninsu na fara masa tun yana wata bakwai. Ki miƙe yatsun manuni biyu suna kallon juna, ki haɗa kansu sau biyu daidai wurin ciwon, kina cewa "ciwo". Duk sanda ya buge goshi ko aka yi masa allurar rigakafi, nan take za ki yi. Sai da ya kusa shekara ya mayar mini, ranar da ƙofa ta datse masa ɗan yatsan ƙafa. Kada ki sa ran gobe.

Inna Ladi: Yaro da bakinsa ku mai da shi bebe? Mu da muka goyi tara ba mu yi wannan ba.

Malama daga Marwa: Inna, ba ya hana magana, tunda ana faɗin kalmar ne tare da alamar. Hannun yaro yana riga harshensa nuna, ba ku ga yana ɗaga hannu a ɗauke shi tun bai ce "mama" ba? Alamar da Maman 'Yan Biyu ta faɗa ta kuramen Amurka ce. Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke da ya rasu a 1987, ya buɗe makarantun kurame a ƙasashen Afirka har da Kamaru da Cadi, shi ya sa maganar hannun makarantunmu ke kama da tasu. Ta kuramen Kano daban ce.

Amaryar Ngaundere: Ni maigida za a koya wa. In ba shi da lafiya sai nishi, ka tambaye shi ina, ya ce ko'ina.

Maman 'Yan Biyu: Amarya, wannan ya wuce koyo.

Anti Nas: Ku dawo kan yaron mutane. Maman Sadik, alama ba za ta yi miki aiki yau ba. Sa masa ma'aunin zafi. In ya kai 38, ko ya ƙi nono, ko maɗigarsa ta kumbura, hau mashin ki kai shi yanzu. Muna lokacin sanƙarau.

Inna Ladi: To ga magana. Ba wasan yatsu ba.

Malama daga Marwa: Inna, ai ba wanda ya ce alamar ta maye gurbin asibiti.

Hajiyar Yelwa: Wa bai zuba adashin wannan sati ba? Saura mutum uku.

Maman Sadik: Na auna, 37 da ɗigo 2. Ya samu barci a bayan yayarsa. Maman 'Yan Biyu, yatsun nan a jikinsa zan haɗa su ko a nawa?

Amaryar Ngaundere: Hajiya nawa yana hanya, na ba ɗan mashin.