Alamar joyin ta ƙi fuskantar inda nake so a Adams View

injiniya_ƙarami: Salam 'yan uwa. Ina haɗa kiranki da fistin a Adams View, manhajar gwada motsin injina a kwamfuta, na sa joyin mai juyawa (mahaɗar da ke haɗa ƙarfe biyu) amma kirankin sai wulwulawa yake ta wani gefe daban, na ja alamar joyin (marker, 'yan layukan X, Y, Z masu nuna inda yake fuskanta) da mawus har na gaji abin sai ƙara rikicewa yake. Ya zan yi alamar ta kalli layin X?

bakanike: Wa'alaikumussalam. Joyin nan a kan layin Z na alamominsa yake juyawa ba wani layi ba. Daina ja da mawus, danna dama a kan alamar ka shiga Modify, a gidan Orientation ka rubuta 90, 90, 0. Tsarin 313 yake bi, wato ya juya kan Z, sai sabon X, sai Z kuma, shi ya sa lambobin ke ruɗa mutane.

Maman_Lissafi: Ƙanena ka lura alamomi biyu ne fa, I da J, kowacce a jikin nata ƙarfen. In ka juya ɗaya ka bar ɗaya to da ka kunna simuleshan zai fizgo ƙarafunan don su daidaita ko ma ya ƙi tashi gaba ɗaya. Ni kam wajen saita fuskar alama na fi son zaɓin Along Axis, maki biyu kawai zaka ba shi ya miƙe Z da kansa babu ciwon kai. Kuma duba Location Relative To, in ba ground (tushen da ba ya motsi) bane lambobin wurin daga wata alama yake ƙirga su.

injiniya_ƙarami: Wallahi J ɗin ce ban taɓa ba Anti. Na gyara, Model Verify mai duba kurakurai ma bai yi ƙorafi ba, yanzu yana juyawa daidai. Allah ya saka.