Murabus ɗin Badaru: jinya ce ko kora da hali?

Telan Kasuwar Barci:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, siyasa ba sana'ata ba ce, amma rediyo ba ya mutuwa a shagona. Daren Litinin, 1 ga Disamba 2025, ina fama da wata babbar riga da mai ita ya ishe ni da waya, sai yarona ya karanto mini cewa Badaru Abubakar ya ajiye muƙamin ministan tsaro saboda rashin lafiya. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Washegari Talata, ban ma gama aikin wuyan rigar ba, sai ga labari Tinubu ya aika wa majalisar dattawa sunan Janar Christopher Musa don ya maye gurbinsa. A nan na ajiye almakashi. Janar ɗin nan fa a ƙarshen Oktoba aka sauke shi daga babban hafsan tsaro, ko wata biyu bai yi a gida ba. Mu teloli mun sani, rigar da aka saka da safiyar Talata ba daren Litinin aka yanka ta ba. To masana, ciwo ne ya zo daidai kan gaɓa, ko dai an riga an gama magana?

Tsohon Akawu, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam Malam Tela. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, abin da na koya shi ne in babba ya rubuta takardar ajiye aiki, kalanda ake dubawa kafin takardar. A farkon Nuwamba Trump ya yi barazanar kawo hari Najeriya. Ranar 17 aka kwashe 'yan mata 25 a makarantar Maga da ke Kebbi, ranar 21 aka shiga makarantar Papiri a Neja aka tafi da ɗalibai da malamai sama da 300. Ranar 26 shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro. Kwana biyar bayan haka minista ya kamu da rashin lafiya. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Kuma ba a korar mutum irin Badaru kamar masinja. Shekara takwas yana gwamnan Jigawa, ya kuma janye wa Tinubu a zaɓen fidda gwani na 2022. Ga 2027 na tafe. Irinsa tabarma ake shimfiɗa masa ya sauka a kai. Ganduje ma da ya bar shugabancin APC a watan Yunin 2025, kula da lafiya aka ce.

Malamar Asibiti, Kawo:
Baba Akawu, Allah ya ƙara girma, amma a riƙa kyautata zato. Mutum mai shekara 63 a kan kujerar da ba barci, me zai hana jiki ya gaza? Muna ganin masu ƙaramin aiki ma ana kawo mana su ranga-ranga. Kuma Tinubu ba ya jin kunyar kora: a Oktoban 2024 ministoci biyar ya sallama rana ɗaya, ba wanda aka ce ba shi da lafiya.

Tsohon Akawu, Unguwar Rimi:
'Yata, ki sake duba biyar ɗin, babu tsohon gwamna ko ɗaya. Gwarzo na Kano mataimaki ya yi. Ban ce lafiyarsa ƙalau ba, Allah ya tsare ni. Na dai ce ciwon ya san lokacin zuwa. Kemi Adeosun, ministar kuɗi, a 2018 tun Yuli aka fallasa batun takardarta ta bautar ƙasa, ba ta sauka ba sai Satumba, nan take kuma aka miƙa ma'aikatar kuɗi ga 'yarmu Zainab Shamsuna.

Direban Birnin Gwari:
Ku dai kuna da lokaci. Ni tambayata ɗaya ce: in gazawa ce ta ci babban minista, me ya sa ƙaramin, Matawalle, bai motsa ba? Ba ofis ɗaya suke ba? Sannan lokacin da aka kwashi yaran Kuriga a Maris ɗin 2024, a nan Chikun, waye ya ajiye aiki? Ba kowa. Sai da Bature ya yi tari kowa ya farka. Janar Musa ɗan Kudancin Kaduna ne, ya san dajin nan, shi ya sa ban yanke ƙauna ba. Ni dai a bar ni in wuce Buruku da lodin masara ba tare da ina karanta duk addu'ar da na haddace ba.

Telan Kasuwar Barci:
Direba, batun Matawalle bai ma zo mini ba, wallahi. Malama, na karɓi gyara, zan ci gaba da yi masa addu'ar samun sauƙi, amma zuciyata ta fi kwanciya da lissafin Baba Akawu. Bari in tashi, ga mai rigar can ya faka babur a ƙofar shago, ni kuwa ko aljihu ban saka ba.